Daga Burjin Bandama zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Kwaikwayon Tseren Mota ta Mahangar Abijan

Gabatarwa

A shekarar 1972 motoci 45 ne suka tashi a gasar tseren mota ta Bandama a ƙasar Kwaddibuwa, amma ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Laka da gargada da nisan zango da ƙurewar lokaci suka yi ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, har aka watse ba a naɗa wa kowa kambu ba. Labari ne da masu bin tarihin tseren mota suka haddace. Sai dai idan mutum ya leƙa ɗakunan wasan bidiyo na unguwannin Adjamé da Treichville a birnin Abijan, inda matasa ke biyan 'yan canji su zauna gaban allo, zai tarar galibinsu ƙwallo suke bugawa. 'Yan tsirarun da mota ta ɗauki hankalinsu kuwa sun fi sanin lanƙwasar filin Monza na Italiya ko na Suzuka a Japan fiye da hanyoyin burjin ƙasarsu, waɗanda zakarun duniya suka sha wuya a kansu har tsawon shekara goma sha biyar.

Wannan muƙala za ta bi tarihin manhajojin da ke kwaikwayon tseren mota, musamman waɗanda ake fafatawa a cikinsu ta intanet, domin gano abin da ke sa wata hanya ta shiga kwamfuta, wata kuma ta rage a waje. Kafin nan ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar kwaikwayo, domin Bahaushe ya saba jin ta ne tare da wasa. Ɗan wasan kwaikwayo a dandali yana kwaikwayon abin da ido ke gani: tafiyar maye, ko muryar alƙali. Manhajar da ake magana a kanta a nan tana kwaikwayon sanadin abin ne, wato tana lissafa nauyin mota da ƙarfin inji da riƙon taya sau ɗaruruwa a cikin sakan guda, abin da ya bayyana a allo kuma sakamakon wannan lissafi ne. Wannan shi ya raba ta da wasan mota na nishaɗi, wanda aka tsara shi don kowa ya ji daɗi ko da bai san inda birki yake ba.

Abijan da Motar Tsere

Turawan Faransa sun mayar da hedikwatar mulkinsu Abijan a farkon shekarun 1930, suka zauna a tudun da ake kira Plateau, suka bar wa ma'aikata da 'yan kasuwa baƙar fata Adjamé daga arewa, da Treichville daga kudu, a tsallaken tafkin Ébrié. A waɗannan unguwanni biyu ne baƙi suka sauka, Julawa da Mosawa da Zabarmawa da Hausawa, wasu ta jirgin ƙasan da ya taso daga Abijan ya kai Wagadugu a 1954, wanda aka laƙaba masa sunan Neja amma bai taɓa isa can ba. Har yau abincin titi mafi shahara a birnin, wato aceke da soyayyen kifin tuna, sunansa garba, saboda mutanen Nijar da suka riƙe sana'ar. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 manyan jiragen ruwa suka samu shiga tafkin, aka kuma buɗe gadar da ta haɗa Plateau da Treichville a 1957, sai kuɗin koko da kofi suka cika gari da motoci. Adjamé ta zama babbar tasha, matattarar gbaka da manyan motocin da ke zuwa ƙasashen maƙwabta.

A cikin wannan yanayi ne wani Bafaranshe mai suna Jean-Claude Bertrand ya ƙirƙiro gasar Bandama a 1969, aka sa mata sunan kogin da ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa teku. Ba tseren da'ira ba ne irin na fili. Motoci kan tashi ɗaya bayan ɗaya, su bi dubban kilomita ta cikin kurmi da gonakin koko da dajin arewa, dare da rana, a hanyoyin da ba a rufe wa jama'a ba, inda direba zai iya cin karo da motar katako a bayan kowace kwana. Kamfanonin mota sun so gasar domin talla ce: motar da ta tsira daga Bandama ta samu shaidar da mai sayen mota a Afirka yake nema. Bertrand ɗin nan ne kuma ya shirya tseren Abijan zuwa birnin Nice na Faransa, wanda a cikinsa ne Thierry Sabine ya ɓata da babur a saharar da ke tsakanin Nijar da Libiya a 1977. Da aka ceto shi sai ya ƙudurta shirya nasa tseren, wato Paris-Dakar, wanda ya fara tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya kuma ratsa Agadas da Yamai. Ashe dai ƙurar da mutanen Abzin suka riƙa gani kowace shekara, asalinta daga Abijan take.

Daga 1978 zuwa 1992 gasar Kwaddibuwa tana cikin jadawalin gasar duniya ta irin wannan tsere. Jean-Pierre Nicolas ne ya lashe ta 1978 da Peugeot 504 mai ƙofa biyu, 'yar uwar Fijon da ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Mercedes ta ci a 1979 da 1980. Wadda ta fi tsayawa a ran mutane ita ce ta 1982, lokacin da Michèle Mouton, mace daga Faransa, ta zo da Audi Quattro tana neman kambun duniya. Labarin rasuwar mahaifinta ya iske ta gab da tashi, duk da haka ta shiga, ta daɗe tana kan gaba, sannan matsalolin mota suka cinye ratar da ta bayar, daga bisani ta yi hatsari ana dab da gamawa, Walter Röhrl ya ɗauki gasar da kambun gaba ɗaya. A 1987 wani ƙaramin jirgin sama na tawagar Toyota ya faɗi ana cikin gasar, Henry Liddon, ɗaya daga cikin jagororin tawagar, yana cikin waɗanda suka rasu. Ɗan gida Alain Ambrosino ya ci a 1988 da Nissan. A 1989 Alain Oreille ya ba kowa mamaki da 'yar ƙaramar Renault 5 wadda kusan ba ta da bambanci da ta kasuwa. A 1991 kuma Kenjiro Shinozuka ya zama ɗan Japan na farko da ya ci wani zagaye na gasar duniya, ya sake maimaitawa a 1992. Zuwa lokacin manyan kamfanoni sun riga sun ja baya saboda tsada da nisa, aka cire gasar daga jadawali. Ta ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin gasar nahiyar Afirka.

A lura da shekarar nan ta 1992, domin kusan a daidai lokacin ne kwamfutar gida ta fara iya ɗaukar lissafin mota na gaske. Bandama ta fita daga idon duniya ana gobe za a fara ɗaukar hoto.

Lissafin Taya

Wasannin farko ba sa buƙatar dogon bayani. Pole Position na kamfanin Namco ya fito a 1982 da filin Fuji na Japan. Geoff Crammond, wanda ya karanci fiziks, ya fitar da Revs a Ingila a tsakiyar shekarun 1980. A 1989 kamfanin Papyrus na David Kaemmer da Omar Khudari ya fitar da Indianapolis 500, inda mai wasa zai iya sauya iskar taya da tsarin giya ya ga tasirinsu. Babban juyi ya zo a 1998, da Papyrus ya saki Grand Prix Legends, kwaikwayon gasar Formula 1 ta shekarar 1967. Motocin wancan zamani suna da ƙarfin inji, ba su da fikafikan da ke danne mota a ƙasa, tayoyinsu kuma ba su da riƙo sosai. Masu saye da yawa ba su iya kammala zagaye ɗaya ba tare da sun wuntsila ba, saboda haka bai yi kasuwa ba. Za a sake komawa kansa.

Duk wahalar wannan fanni a taya take. Inji da giya da sifirin da shokazoba abubuwa ne da ƙa'idojin Newton suka wadatar wajen bayaninsu. Amma mota tana taɓa ƙasa ne ta wurare huɗu kawai, kowanne bai wuce tafin hannu ba, kuma duk wani tashi da tsayawa da karya kwana ta nan yake bi. Abin mamakin shi ne taya ba ta ba da ƙarfin juyawa sai ta ɗan zame. Idan direba ya murɗa sitiyari, inda taya ta fuskanta daban, inda take tafiya daban, akwai 'yar kusurwa a tsakani. Ƙarfin riƙo yana ƙaruwa tare da wannan kusurwa har ya kai ƙololuwa, daga nan ya fara raguwa. Gwanintar direban tsere ita ce ya zauna a bakin wannan ƙololuwa ba tare da ya zarce ba. Kuma wurin ƙololuwar yana sauyawa da zafin roba da iskar da ke ciki da nauyin da ke kanta da irin ƙasar da take takawa.

A 1987 Hans Pacejka na jami'ar fasaha ta Delft a ƙasar Holan, tare da injiniyoyi biyu na kamfanin Volvo, Egbert Bakker da Lars Nyborg, suka wallafa wata ƙa'idar lissafi da aka yi wa laƙabi da ƙa'idar siddabaru. Dalilin laƙabin shi ne ba ta bayyana abin da ke faruwa a cikin roba. Ana ɗora taya ta gaske a kan na'urar gwaji, a auna ta, sannan a daidaita wasu lambobi har zanen lissafi ya yi daidai da na awo. Tana da sauƙin lissafi, shi ya sa masu manhaja suka rungume ta. Amma tana da rauni biyu. Na farko, tana ruɗewa idan mota ta kusa tsayawa cik, domin akwai raba lamba da gudun mota a cikin lissafin zamewa, gudu kuwa ya kusa zama sifiri. Na biyu, kuma mafi muhimmanci ga zancenmu, ba ta san komai ba sai abin da aka auna. In ba a gwada taya a kan wata irin ƙasa ba, ƙa'idar ba ta da ta cewa.

Masu neman gyara sun bi wata hanya mai wuya, wato su gina tayar kanta a cikin lissafi, da robarta da zarenta da zafinta, su bar riƙo ya fito da kansa. Kaemmer ya fara shigar da irin wannan sabon tsari a manhajar iRacing a 2011, aka kuma yi ta sabunta shi shekara da shekaru, direbobi na gaske suna kukan cewa motar allo ta fi ta zahiri saurin kuɓucewa. Misalin da ya fi nuna zurfin ramin shi ne na Live for Speed, manhajar da mutum uku kacal suka gina, Scawen Roberts da Eric Bailey da Victor van Vlaardingen. A ƙarshen 2008 suka sanar za su saka motar Volkswagen Scirocco cikin 'yan kwanaki. Da suka gwada ta sai suka ga ba ta tafiya yadda ta gaske take yi, suka gano laifin na lissafin taya ne, suka ce sai sun gyara. Aka shafe sama da shekara goma ana jira. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin abin dariya. A ganina gaskiya ce irin wadda ba a cika samu a kasuwa ba, ko da yake mai jira ba zai ga haka ba.

To, duk wannan a kan kwalta ne. Burji wani sha'ani ne daban. A kan kwalta ƙasa tana tsaye, taya ce ke lanƙwasa. A kan burji ƙasar ma motsi take yi: taya tana tona ta, tana tara tsakuwa a gabanta ko a gefenta, wannan tarin kuma shi ke riƙe motar. Shi ya sa direban irin wannan tsere yake shiga kwana a karkace, kuma shi ya sa tayar da birki ya kulle ta kan iya tsayawa da wuri a kan tsakuwa, saɓanin kwalta. Jar ƙasar Afirka ta Yamma ta ƙara nata. Da rani takan yi tauri, ta yi kunya-kunya a jere masu girgiza mota har kusoshi su kwance, ta kuma tayar da ƙurar da ke rataye a iska bayan mota ta wuce, ta makantar da na baya. Da ruwa ya sauka kuwa sai ta koma santsi kamar sabulu. Hanyar da mota ta farko ta bi ba ita ce ta ashirin za ta tarar ba. Duk direban gbaka ko na babbar mota da ya taɓa barin kwalta ya shiga ƙauye da damina ya san waɗannan abubuwa a hannunsa da ƙugunsa, amma sanin hannu ba ya shiga kwamfuta sai an mayar da shi lamba, mayar da shi lamba kuma sai an kashe kuɗi an zo an auna.

Manhajar da ta fi kusantar wannan a zamaninta ita ce Richard Burns Rally ta 2004, mai ɗauke da sunan zakaran duniya na 2001, wanda ya ci gasar Safari ta Kenya a 1998 da 2000, ya kuma rasu ranar 25 ga Nuwamba 2005 yana da shekara 34. Ita ma, kamar Grand Prix Legends, ta yi wa mai saye na yau da kullum tsauri.

Lasisi Iri Uku

Kalmar lasisi ta shigo Hausa da ma'anar takardar izinin tuƙi ko ta sana'a. A wannan fage tana ɗaukar ma'ana uku, kuma rashin rarrabe su yakan rikita mai karatu.

Ta farko ita ce izinin da kamfanin manhaja ke saya domin amfani da sunan mota ko fili ko gasa. Tun a Grand Prix Legends an ga tasirinsa: ba a samu izinin Honda da Cooper ba, sai aka sa wa motocinsu sunayen ƙarya, Murasama da Coventry. Kamfanin Electronic Arts ya riƙe izinin Porsche shi kaɗai daga wajen shekarar 2000 har zuwa 2016, shi ya sa masu buga Gran Turismo suka shekara da shekaru suna tuƙa RUF, wani ƙaramin kamfanin Jamus da ke gina motocinsa a kan gangar jikin Porsche. Wannan kamfani na Electronic Arts ne dai ya karɓe izinin gasar NASCAR ta Amurka, aka rufe Papyrus a 2004. Kaemmer ya haɗa kai da attajiri John Henry, wanda daga baya ya sayi kulob ɗin Liverpool, suka sayi tsohon lissafin Papyrus, suka gina iRacing a kansa, suka buɗe ta ga jama'a a 2008. Su ne suka shahara da auna fili da hasken leza, ta yadda kowane tudu da kowace tsaga ta kwalta za ta fito a inda take.

A nan ne matsalar Bandama ta fito fili. Izinin gasar duniya yana tafiya ne da jadawalin shekarar da ake ciki. Kenya ta dawo jadawali a 2021, don haka ta shiga manhajojin hukuma na gasar. Filin Kyalami na Afirka ta Kudu yana da mai shi, wanda za a zauna da shi a sa hannu, yana da shinge da tsawo sananne, ana iya auna shi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake samunsa tun daga Grand Prix Legends har zuwa Assetto Corsa Competizione. Hanyar Bandama kuwa hanyar jama'a ce, tana sauyawa kowace shekara, wasu sassanta an shimfiɗa musu kwalta, wasu daji ya cinye. Babu wanda zai sayar da ita, babu kuma kamfanin da ke ganin ribar sayenta.

Ma'ana ta biyu ita ce kuɗin da mai wasa ke biya don a buɗe masa manhaja. Live for Speed tana sayar da nata a matakai uku, a biya sau ɗaya. iRacing kuwa kuɗin wata ne, sannan kowace mota da kowane fili na ƙari da nasa farashin, duk da dalar Amurka. Ga matashin Treichville wannan shinge ne mai hawa biyu: ga tsada, ga hanyar biya. Kwaddibuwa ce ƙasar da aka fara ƙaddamar da Orange Money a 2008, jama'a sun saba da biya ta waya, alhali waɗannan kamfanoni katin banki suka fi sani. Ba a ma zo maganar sitiyari mai mayar da ƙarfi a hannu da fedojinsa ba, kayan da ko a kasuwar Black ta Adjamé, inda ake samun kowace irin waya da na'ura sabuwa da ta hannu, ba su kai abin sarrafa wasan ƙwallo yawa ba.

Ma'ana ta uku ita ce ta fi kusa da wadda Bahaushe ya sani, wato lasisin direba na cikin manhaja. A iRacing kowa yana farawa a matsayin sabon shiga, ya hau mataki D, C, B, har A. Abin da ke ɗaga shi ba gudu ba ne, tsabtar tuƙi ce: ana ƙirga kurakuransa, fita daga hanya maki ɗaya, kuɓucewar mota biyu, karo da wata mota huɗu, a auna su da yawan kwanar da ya karya. Akwai wani ma'auni na daban na gwaninta, mai kama da na 'yan wasan dara ta Turawa, wanda ke haɗa mutum da tsaransa. Abin lura shi ne na'ura ba ta neman mai laifi. In aka yi karo, da wanda ya buga da wanda aka buga duk ana rubuta musu.

Ƙungiyoyin Gasa da Kayan Aikinsu

Tun da na'ura ba ta shari'a, sai mutane suka kafa tasu. Ƙungiyar gasa a wannan fage ta yi kama da adashi: mutane ne da suka yarda da juna, suka sa rana da lokaci, suka rubuta ƙa'ida, suka naɗa wanda zai riƙe littafi. Kamar yadda uwar adashi take bin wanda bai zuba ba, haka shugaban ƙungiya yake tara sakamako, ya duba hoton karon da aka kawo ƙara a kansa, ya yanke hukuncin rage maki ko dakatarwa. Yawancin kayan aikin da ake wannan da su ba kamfanoni ne suka fara yin su ba. Masoya Grand Prix Legends ne suka gina VROC, wata 'yar manhaja da ke haɗa masu neman abokan tsere, suka gina GPLRank don kwatanta lokutan zagaye, suka ƙera ɗaruruwan filaye, suka ƙara kakar 1965 da ta 1969 da wasunsu, wasu ma bayan kamfanin da ya yi manhajar ya mutu. Live for Speed ta buɗe wata ƙofa mai suna InSim, wadda ta ba kowa damar rubuta manhajar da za ta riƙa magana da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da tseren, ta ƙirga maki ko ta kori mai ɓarna. Richard Burns Rally kuwa 'yan ƙasar Cek da Faransa da Hangari ne suka raya ta, aka sake rubuta lissafin motsinta, suka ƙara mata ɗaruruwan hanyoyi, galibi hanyoyin ƙauyukansu, har yau kuma ana gasa a kanta a dandalin RallySimFans, sama da shekara ashirin bayan fitowarta.

Shekarar 2020 ta nuna cewa abin ya wuce wasa. Da annobar korona ta rufe filaye, direbobi na gaske suka koma allo, gidajen talabijin suka nuna. A watan Afrilu Kyle Larson ya furta kalmar wariyar launin fata ana cikin wani tsere a iRacing, ya rasa aikinsa na zahiri. A watan Mayu aka kama Daniel Abt ya sa wani gwanin allo ya tuƙa a madadinsa a gasar Formula E ta intanet, Audi ta raba gari da shi.

Abijan ba ta rasa masu shirya gasa ba. Tun 2017 kamfanin Paradise Game na Sidick Bakayoko yake shirya bikin wasannin bidiyo na FEJA, wanda ke tara matasa daga ƙasashen yankin, ko da yake ƙwallo da wasannin faɗa ne suka fi rinjaye. Abin da ke tauye mai tsere ta intanet daga nan shi ne nisa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan a cikin wayar gilashi. Tsakanin Abijan da Faris akwai kusan kilomita 4,900 a miƙe, wayar teku kuma ba ta miƙe ba, tana zagaye gaɓa. Ko da komai ya tafi daidai, zuwa da dawowar saƙo ba zai gaza kashi ɗaya cikin ashirin na sakan ba, a aikace kuma ya fi haka. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 55 da ɗoriya a sakan, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya kai mita biyar da rabi, fiye da tsawon motar kanta. Manhaja tana cike wannan giɓi da hasashe, ta zana motar abokin hamayya a inda take zaton ta kai. In hasashe ya kuskure, sai a rubuta karon da a allon ɗayansu bai faru ba, kuma kamar yadda aka gani, na'ura ba ta tambayar mai laifi. Ranar 14 ga Maris 2024 ma abin ya wuce jinkiri: manyan wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, intanet ya durƙushe a ƙasar da maƙwabtanta na kwanaki.

Irin tseren Bandama yana da wata fa'ida a nan da ba a cika lura da ita ba. Tun da motoci ɗaya bayan ɗaya suke tashi, agogo ake tsere da shi, ba a buƙatar ganin motar kowa a allo. Mutum zai tuƙa zangonsa a kwamfutarsa, a aika lokacinsa kawai. Jinkirin saƙo ba ya cutar da shi, kuma manhajar 2004 ba ta neman kwamfuta mai tsada. Hanyoyin da 'yan Cek da Hangari suka saka, da na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam da hotuna da bayanan tudu da kwari da manhajar zane ta kyauta irin Blender suka gina su, ba da izinin wata hukumar gasa ba. Tarihin da aka bi a sama yana nuna cewa idan wani zango na jar ƙasa daga yankin Yamusukuro ko Bouaké zai shiga kwamfuta, ta wannan ƙofa ya fi yiwuwa ya shiga, a hannun wanda ya san hanyar.

Akwai kuma wani aiki da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. A irin wannan tsere direba ba ya ganin abin da ke bayan kwana, mataimakinsa ne ke zaune a gefe yana karanta masa hanya daga littafi, kamar yadda Fabrizia Pons ta yi wa Mouton a 1982. Masu raya Richard Burns Rally sun naɗi wannan murya a harsunansu daban-daban, domin fayilolin sauti ne da kowa zai iya musanyawa. Wanda zai naɗa ta da Hausa zai tarar hagu da dama da lambobi ba su da matsala: hagu uku, dama biyar, ɗari. Tudu da gada da rami da laka duk gajeru ne. Wahalar tana wurin kwanar da ke ƙara tsukewa bayan an shiga ta, da gargaɗin kada direba ya yanke ta ciki saboda dutse ko kututture, da tudun da mota ke tashi sama a kansa. A gudun kilomita 108 a awa mota tana cin mita 30 a sakan, don haka "kada ka yanke" ta yi tsawo, sai dai a ce "ban da yanke", ko a nemi abin da yaran mota ke faɗa wa direba a tashar Adjamé ko ta Kano idan yana ja da baya, a ga ko akwai mai gaɓa biyu a ciki.